Hitar Tsohuwar Motar Tafi-da-Gidanka: A Gyara Ko A Sake?



A Amurka akwai motar da mutum ke kwana a cikinta, ya yi girki, ya yi wanka, gari na wayewa ya tayar da ita ya ƙara gaba. Ita ce motar tafi-da-gidanka. Ƙungiyar masu ƙera waɗannan motoci da tirelolin kwana ta ce a shekarar 2021 magidanta fiye da miliyan 11 ne ke da irinsu a ƙasar, kuma a wannan shekarar kaɗai masana'antu sun fitar da kimanin 600,000. Galibinsu daga jihar Indiyana suke fitowa, musamman garin Elkhart da kewayensa. Mai sabuwar mota yana da garanti, yana da dila. Wanda sharhin yau ya fi shafa shi ne mai tsohuwa, wanda ya sayi wata mota ƙirar Winnebago ta shekarun 1990 a hannu na biyu ko na uku, ya gaji duk abin da masu ita na baya suka yi sakaci da shi.

Wasu daga cikin masu tsofaffin motocin nan ba yawon buɗe ido suke yi ba. Littafin Nomadland na Jessica Bruder, wanda ya fito a 2017, ya ba da labarin dattawan Amurka da suka koma zama cikin mota bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, suna bin aikin ƙwadago daga wannan jiha zuwa waccan. Duk watan Janairu dubban irin waɗannan motoci kan taru a hamadar Quartzsite da ke Arizona. Ga wanda motar ita ce gidansa, ranar da hitar ruwa ta ƙi aiki rana ce ta wanka da ruwan sanyi a cikin hunturu, kuma kuɗin sabuwa na iya cinye abin da zai ci na wata guda. Shi ya sa tambayar a gyara ko a sake take da nauyi.

Ita hitar ƙarama ce. An zura ta ne ta wani rami mai kusurwa huɗu a jikin motar, ƙofarta tana buɗewa daga waje. Mafi yawa suna cin galan 6 na ruwa, wato kimanin lita 23, manyan kuma galan 10, kimanin lita 38. Da gas ɗin furofen suke ɗumama ruwa, wasu kuma suna da elamen na lantarki da ake amfani da shi idan an tsaya inda akwai wuta. Shekara da shekaru kamfanoni biyu ne suka riƙe wannan kasuwa: Atwood, wanda Dometic ya saye a 2014, da Suburban na garin Dayton a jihar Tennessee. Abu na farko da mai tsohuwar mota ya kamata ya sani shi ne wacce ce a jikin motarsa, domin tankin Atwood na alminiyam ne, na Suburban kuwa ƙarfe ne da aka shafe cikinsa da tangaran. Wannan bambanci zai dawo nan gaba, kuma a kansa hukuncin ƙarshe yake rataye.

Koke-koke sun fi yawa a farkon bazara, wajen watan Afrilu, lokacin da ake fito da motocin da suka yi wata biyar a ajiye. Mutum zai kunna hita, ya ji wuta ta kama tana ruri, ya jira rabin awa, ya buɗe famfo, sai ruwan sanyi. Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa hita ta mutu. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. A bayan tankin, cikin wata 'yar loka a ƙarƙashin gado ko kabad, akwai bawul ɗaya ko biyu ko uku da ake juyawa kafin sanyi ya shigo, domin ruwan maganin daskarewa mai launin hoda da ake ɗura wa bututai ya kewaye tankin kada ya shiga ciki. Idan aka manta ba a mayar da su daidai ba, ruwan sanyi zai ci gaba da tsallake tankin yana tafiya famfo kai tsaye. Haka kuma shawar da ke wajen motar: idan aka rufe kanta aka bar makunnin zafi da na sanyi duka a buɗe, ruwan biyu za su gauraya a cikin bututu, kowane famfo a motar ya riƙa ba da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Gyaran waɗannan biyu juya hannu ne kawai, ko sisi ba a kashewa, amma akwai masu biyan makanike kuɗin awa guda a kansu, alhali a gareji da yawa a Amurka awa guda ta haura dala 100.

Idan wutar ce ta ƙi kamawa, nan ne aikin bincike yake, kuma kunne ya fi ido amfani. Hita mai kunna kanta tana da tsari. Idan aka danna makunni, allon lantarkinta zai buɗe bawul ɗin gas, a ji wani ɗan ƙas, sannan tartsatsi ya fara ƙyat-ƙyat-ƙyat. Yawancinsu sau uku suke gwadawa, in wuta ba ta kama ba sai su kulle kansu, jar fitila ta kama a cikin mota. Wanda ya tsaya a bakin ƙofar hitar wani ya danna masa makunni zai iya raba matsalar gida uku. Shiru gaba ɗaya na nufin lantarki bai iso ba. Tartsatsi ba wuta na nufin gas bai iso ba, ko ya iso hanyarsa a toshe. Wuta ta kama ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi kuwa na nufin allon bai gane cewa ta kama ba.

A shirun, batir ne abin zargi na farko. Mutane kan manta cewa hitar gas ma tana buƙatar bolt 12 kafin ta yi motsi, kuma batirin da ya kwana wata biyar cikin sanyi ba lallai ya iya ba. Daga nan sai fis, sai bakin wayoyin da suka yi tsatsa. A Atwood akwai wani ɗan fis na zafi cikin bututun roba a gaban allon, wanda ke yankewa idan harshen wuta ya fito inda bai kamata ba. A Suburban akwai maɓallan roba baƙaƙe da ake dannawa idan na'urar kariya daga zafi ta katse wuta. Sai dai wanda ya tarar da ɗayan waɗannan ya yanke, bai kamata ya sake shi kawai ya juya baya ba. Wani abu ne ya sa ya yanke, kuma wannan abin yana nan.

Sau tari wannan abin ƙwaro ne. Zanzaron nan da muka sani yana gina ɗakin laka a kusurwar zaure yana da 'yan'uwa a Amurka, kuma bututun da gas ke bi ya haɗu da iska kafin ya kama wuta wuri ne da suke so ƙwarai, su da gizo-gizo. Mota na ajiye, ƙofar hita na da ramukan shan iska, ba mai damunsu. Dunƙulen laka ɗaya ko saƙar gizo ɗaya ta isa ta hana gas tafiya yadda ya kamata. Wani lokaci wutar ta ƙi kamawa sam. Wani lokaci ta kama da ƙara kamar an buga ganga. Mafi muni shi ne ta kama tana ci rawaya, tana lasar waje, tana barin kunkunniya baƙa a jikin motar sama da ƙofar. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce mai ƙarfi. Rawayar wuta alama ce cewa gas ba ya ƙonewa duka, kuma irin wannan ƙonewa ita ke haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Gyaran shi ne a rufe gas, a kwance bututun, a goge cikinsa da ɗan burushi, a hura masa iska, a mayar. Ƙaramin ramin da gas ke fitowa ta cikinsa ba a tsokane shi da allura ko waya, domin in ya faɗaɗa ko kaɗan wutar ta lalace ke nan. Bayan haka ana sayar da ragar waya da ake ɗaurawa a ƙofar don kada ƙwarin su dawo.

Kafin ma a kai ga kwance wani abu, akwai dabarar da tsofaffin hannu ke yi: su kunna murhun girki na cikin motar su bar shi ya ci na ɗan lokaci. In an sauya tukunyar gas ko an daɗe ba a yi amfani da ita ba, iska kan cika bututun, hita ta yi gwajinta uku ta kulle tun gas bai iso ba. Murhun zai fitar da iskar, ya kuma nuna ko na'urar rage ƙarfin gas da ke bakin tukunya tana aiki. In wutar murhun ma raunanniya ce, laifin ba na hita ba ne.

Wutar da ke kamawa ta mutu kuma, yawanci ƙarfen tartsatsin ne. Shi ke kunna wutar, shi ne kuma ke shaida wa allon cewa ta kama. In ya yi datti, ko farin tangaran ɗin jikinsa ya tsage, ko tazarar bakinsa ta kauce daga kimanin milimita 3, allon zai ɗauka babu wuta ya rufe gas. A hitocin da suka fi tsufa, masu 'yar wutar da ake kunnawa da ashana, wani siririn ƙarfe ne mai jin zafi ke yin wannan aiki, kuma shi ma sauya shi ba tsada. Allon lantarkin shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, duk da cewa shi mutane suka fi saurin saya. Kuɗinsa kan kai dala 100 ko fiye, kuma shaguna da dama ba sa karɓar kayan lantarki idan an riga an ɗaura. Kamfanin Dinosaur Electronics ya yi suna wajen ƙera allunan da ke maye gurbin na tsofaffin hitoci, don haka ko wanda hitarsa ta shekara 25 ba lallai ya rasa ba.

Ɓangaren lantarki ba shi da dogon labari. Elamen ɗin yana cin wat 1,400 ko sama kaɗan a kan bolt 120, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne a kunna shi tanki ba ruwa. Cikin ɗan lokaci kaɗan yake ƙonewa. Duk wanda ya taɓa kunna hitar banɗaki a Kano ko Kaduna ranar da tankin sama ya ƙafe ya san wannan hasara. Da mita ake gane shi: a cire wuta, a auna, lafiyayye zai nuna wajen om 10, ƙonanne ba zai nuna komai ba. Sabo bai kai dala 50 ba. A Suburban akwai kuma wani ƙaramin makunni a waje, a ɓoye a ƙasan kusurwar hagu bayan ƙofar, wanda sabon mai mota kan yi wata da watanni bai san da shi ba.

Akwai abubuwa biyu da ke tsorata mutane fiye da kima. Na farko warin ruɓaɓɓen ƙwai daga famfon zafi. Ƙwayoyin bakteriya ne a cikin ruwan da ya daɗe a tanki suke fitar da iska mai sinadarin farar wuta, kuma wanke tankin da ruwan khal, a bar shi ya kwana, a ɗauraye, yakan kawar da warin tare da farin dattin da ruwa mai gauri ke tarawa a ƙasa. Na biyu ɗigar ruwa daga bawul ɗin kariya da ke sama, wanda aka yi shi don ya buɗe idan zafi ya kai digiri 99 a ma'aunin salshiyas ko matsin ruwa ya yi yawa. Ruwa na kumbura idan ya yi zafi. An tsara tankin ne ya bar 'yar iska a samansa don ta karɓi wannan kumburi, kuma in iskar ta ɓace sai bawul ya riƙa ɗiga. Ana dawo da ita ta hanyar rufe ruwa, a buɗe famfo, a ɗaga hannun bawul ɗin har ya daina zuba, a sake shi ya rufe. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne toshe wannan bawul da murfi don a huta da ɗiga. Shi ne kaɗai ke tsakanin mai mota da fashewar tanki.

To, masu saurare, duk abin da aka lissafa zuwa yanzu a jikin tanki aka ɗaura shi, ana kwance shi da sifana, ana samun sabonsa. Tankin kansa shi ne maganar.

Tankin Suburban ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tsatsa duk inda tangaran ya ɗan tsage. Don haka aka sa masa sandar magnesiyam da ke haɗe da murfin zubar da ruwa. Ruwan zai riƙa cin sandar ya bar tankin. Ƙa'ida ita ce a ciro ta a duba kowace shekara, a sake ta idan kashi uku cikin huɗu ya cinye. Kuɗinta bai kai dala 30 ba. Mai tsohuwar mota da ya kwance ta ya tarar da siririyar waya kawai ta rage, ko ya tarar wani ya cire ta tuni ya sa murfi zalla, ya san tankinsa ya yi shekaru yana cin kansa. Sai ya haska tocila ta ramin, ya ɗauraye, ya ga abin da zai fito. Farin gari ba komai ba ne. Ɓarɓashin tsatsa ja mai kauri kuwa labari ne marar daɗi. Tankin Atwood ba ya buƙatar sandar, murfinsa na roba ne da gangan, kuma masu sauya shi da na ƙarfe don ya fi ƙarko sukan lalata zaren bakin tankin.

Babban makashin tanki, kowane iri ne, shi ne ƙanƙara. Ruwa na ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma tankin da aka bari cike a daren sanyi zai kumbura ya tsage, galibi a bayansa inda ido ba ya gani. Sanyin da ya afka wa jihar Texas a watan Fabrairun 2021 ya farfasa bututai a cikin gidaje masu bango da rufi, balle tankin da ƙofar gwangwani kaɗai ta raba shi da waje. Gwajin ba wuya: a cika tankin, a kunna famfon motar, a rufe ko'ina, a saurara. In famfon na tashi shi kaɗai lokaci-lokaci, ruwa na fita a wani wuri. Sai a shiga lokar baya da tocila da busasshen tsumma. In daga mahaɗar bututu yake, farin tef na masu gyaran famfo ko sabon bawul ya wadatar. In soson da ya lulluɓe tankin ne ya jiƙe, katakon ƙasa ya yi laushi ya yi baƙi, to daga jikin tankin ne.

A nan hukuncin a fili yake. Tankin da ke riƙe ruwa, a gyara hitarsa ko shekarunta nawa. Tankin da ya tsage ko tsatsa ta huda, a sake hitar gaba ɗaya. Ana samun masu walda da ke ɗinke tankin alminiyam, an kuma sayar da tankin ciki na Atwood shi kaɗai, amma idan aka haɗa kuɗinsa da na kwance komai a mayar, an kusa kuɗin sabuwa, ga shi sauran kayan duk tsofaffi ne. Liƙe tsaga da gam kuwa ɓata lokaci ne, domin tankin na zafi yana sanyi kullum, yana buɗewa yana tsukewa. Jinkiri ma yana da nasa farashin. Daɓen waɗannan motoci katako ne, kuma ɗigar da aka ƙyale wata shida za ta ruɓar da shi, gyaran daɓe kuwa ya ninka kuɗin hita.

Akwai hali guda da ya dace a sake hita ko da tankin bai huje ba: idan bawul ɗin gas da allon lantarki duka sun mutu a lokaci ɗaya, ga tsatsa ta ci akwatin, kuma mai motar ba zai iya aikin da hannunsa ba. Sabuwa ta galan 6 ɗaruruwan daloli ce, da kuɗin aiki tana iya dosar 1,000. Idan lissafin gyara ya haura rabin wannan, sabuwar ta fi. Mai saye ya auna ramin jikin motarsa tukuna, domin na Atwood da na Suburban ba girmansu ɗaya ba.

A wannan gaɓar ce dila zai kawo maganar hita marar tanki, irin ta Girard ko Furrion ko Truma ta ƙasar Jamus, wadda ke ɗumama ruwa yayin da yake wucewa. Tallarta mai daɗi ce: ruwan zafi ba ya ƙarewa, an kuma huta da ɗaukar kilo 23 na ruwa. Ga iyalin da ke tsayawa a sansanin da ke da famfo da lantarki, gaskiya ne, ta fi. Ga mutumin Quartzsite da ke auna ruwansa da kofi, abin da sake. Irin wannan hita ba ta kamawa sai ruwa na gudu da ƙarfi, kuma mai wankan tsimi da ke buɗe shawa ya jiƙa jiki, ya rufe ya saɓa sabulu, ya sake buɗewa, zai riƙa samun sanyi da zafi bi da bi a yawancinsu, yana zubar da ruwan da ya yi tafiyar mil da yawa ya ɗebo. Tsohon famfon motar ma ba lallai ya iya ba ta ƙarfin da take so ba. Yawancinsu kuma gas kaɗai suke ci, an rasa elamen ɗin da ke cin wutar sansani da aka riga aka biya. Mai tsohuwar mota da aljihunsa ba nauyi, mai tanki irin wadda ya cire ita ta fi dacewa da shi.

Saura maganar gas, wadda ba a sassauta ta. Duba bawul ɗin baya, sauya sandar magnesiyam, wanke tanki, goge bututun wuta, duk mai hankali zai iya. Amma duk mahaɗar gas da aka kwance aka ɗaure, sai an shafa mata ruwan sabulu an ga ba ta kumfa, kamar yadda ya kamata a yi wa tukunyar gas ta kicin a kowane gida. Ba a neman yoyon gas da ashana. Furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa na'urar da ke jin warinsa take kusa da daɓe a cikin motar. Ita da mai gano kabon monoksaid suna da wa'adi, yawanci shekara 5 zuwa 7, kuma a motar da ta shekara 25 akwai yiwuwar tun na masana'anta ne ke manne a bango. Wanda zai kashe kuɗi a kan hita, ya fara sake waɗannan biyun kafin ya kwana a motar, kuma in aikin ya kai ga bawul ɗin gas, ya kira wanda ya koyi aikin.